Garin Da Kubura Za Ta Iya Numfashi

Duk wanda ya san kasuwar Talata Mafara ya san rumfar Nasidi mai kilishi, ko da bai taɓa sayen na ko sisi ba. Ita ce ta ƙarshe a layin rundawa, wato mahauta, can inda babu bishiya ko ɗaya. Kowa inuwa yake bi idan zai kafa rumfa, shi kuwa rana ya bi ya zaɓa, don kilishi ba ya shiri da inuwa. A gaban rumfar akwai gadaje huɗu na kara. A kansu yake shanya nama, kuma a gefensu ya tsufa. Yanzu ya ba sittin baya da 'yan kai, dogo ne, baƙi, ba tsoka a jikinsa ko ta magani. Ƙanensa Bawa, mai teburin ɗanyen nama a farkon layin, yakan ce da za a shafa wa yayan nasa yaji a ɗora shi a wuta, babu mai sayen da zai yi ƙorafi.

A Damaga aka haife su, ta ƙasar Maradun, a gidan da ba a san wata sana'a ba sai fawa. Amma Nasidi bai fara da wuƙa ba. Yana ɗan shekara ashirin wani dillali ya ɗauke shi rakiyar shanu, ya kuwa shekara goma sha bakwai a saman tirela. Aikin ɗan rakiya ba shi da wuyar faɗa. Ka zauna a kan katako bisa kawunan shanu talatin, daga kara, wato kasuwar shanun Mafara, har Ikko ko Fatakwal, kwana uku ko huɗu, idonka a ƙasa. Idan sa ya gaji ya kwanta, ka dira cikin ƙahoni ka murɗe masa wutsiya har ya miƙe, in ba haka ba 'yan'uwansa su tattake shi. Direba yana ciki ya ɗaga gilashi, kai kuwa duk abin da sama ta sauko da shi a kanka zai ƙare. Ta haka Nasidi ya san ƙasar nan. Bai san inda wannan jiha ta ƙare waccan ta fara ba, amma ya san daidai inda riga take fara manne wa mutum a baya, wato da an haye gadar Jebba.

Tun a lokacin yana da wata ɗabi'a irin ta ɗan gidan fawa. Duk garin da suka yada zango sai ya nemi tsoka, ya yanko siririn zare tsawon yatsa, ya rataye a jikin ƙarfen mota, ya riƙa zuwa yana dubawa. Abokan tafiya suna yi masa dariya, shi kuwa bai fasa ba. A Mafara cikin bazara, in ka rataye da hantsi, kafin Azahar ya ƙame, ka karya ka ji ƙas. A Kontagora sai La'asar. A Ilori yakan kwana bai gama ba. A Ikko ƙuda ne ke cin moriyarsa. A Fatakwal kuwa kwana biyu ya yi yawa, zai tsiro farin gashi ya yi fumfuna, alhali rana tana nan fes, mutum yana ta tsiyayar gumi.

Shi ya sa bayan ya sauka daga tirela ya kafa rumfa, ya zama alƙalin gardamar da ba ta ƙarewa a layin rundawa. Da bazara ta kama, aiki ya lafa da rana tsaka, sai a fara: wannan ya ce Sakkwato ta fi ko'ina zafi, wancan ya ce ai bai je Maiduguri ba, wani ya rantse da Lokoja. In an gaji sai a juyo wajen Nasidi. Shi kuwa sai ya ja lokaci, ya goge wuƙa, sannan ya ce, "Ku duk magana ɗai kuka yi, amma zahi ba guda na ba. Mu nan gasa mu aka yi, su can dahwa su aka yi. Wanda anka gasa, in yas samu inuwa da ruwan randa, ya tsira. Wanda aka dahwawa, ina za shi? Inuwa tai ma tukunya ta."

Gari ɗaya ne ba ya son a ambata, shi ne Jos. Sau ɗaya tak ya taɓa ratsa shi, wata shekara da hanyar Lokoja ta lalace suka zaga ta can cikin watan Janairu. Mota ta mutu musu a kan tudu kafin a shiga gari, shi kuwa daga shi sai 'yar shara da hula. Da asuba ya zuba ruwan buta a hannu zai yi alwala, ya ji kamar reza aka ja masa. Haƙoransa suka yi ta haɗuwa har ya kasa karanta Fatiha daidai. Ƙarshe sai cikin shanu ya shiga ya rakuɓe tsakanin bijimai biyu yana ɗumama da jikinsu har rana ta fito. Ya dawo gida da tarin da ya yi wata biyu yana fama da shi. Tun daga nan in an ce Jos sai ya ce garin ba na mutane ba ne, na dankalin Turawa ne. Da Allah ya tashi ikonsa, can aka kai 'yarsa Taiba aure, gidan wani ɗan Mafara mai fataucin albasa. Nasidi ya sa albarka, amma shekara tara bai taka garin ba. Ya samu hujja mai kyau kuwa, don uba ba ya zarya gidan suruki. Ko sunan mijin ba ya kamawa, sai dai ya ce "mutanen Jos".

Matarsa Kubura 'yar Bakura ce, gajera mai jiki, mai fara'a da saurin hannu. Duk shekarun tirelar nan ita ta zauna ta riƙe gida, ta yi ta jiran ƙarar mota. Da ya koma kilishi, rabin sana'ar a hannunta ya zauna. Shi ke warware tsoka da wuƙa har ta zama falle mai faɗi da za ka hango rana ta cikinsa, shi ke shanyawa, shi ke gasawa. Amma labu, wato kwaɓin tunkuza da kayan yaji da ake tsoma naman a ciki, nata ne. Citta, kanumfari, masoro, barkono, albasar Bakolori, da wani abu guda da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, har shi. In ya tambaya sai ta ce, "In nig gaya ma, mi za ni ci gobe?" Shekara arba'in da ɗaya suna tare, faɗansu bai wuce na gishiri ya yi yawa ko bai ji ba.

Shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar bazara aka fara ganin abin. Zafin shekarar ya wuce misali. Ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa, ruwan buta sai an sirka, tsuntsaye suna sauka bakin rijiya baki buɗe ba sa ko gudun mutum. Wutar lantarki kuwa sai ta ga dama, kuma ba ta cika ganin damar ba. Ga Nasidi wannan lokacin ne kakarsa, don kilishin Sallah ake nema daga Gusau har Sakkwato, nama kuma yana bushewa kafin ka juya. Ranar sha bakwai ga azumi, bayan La'asar, ya aika a karɓo labu, aka dawo aka ce masa ya zo gida da sauri. Ya tarar da Kubura kwance a gindin turmi, taɓarya a gefe, maƙwabta suna yayyafa mata ruwa. Idonta biyu, amma numfashin sama-sama yake fita, leɓɓanta sun yi fari.

Kwana shida suka yi a asibiti. Likitan ba mai yawan magana ba ne. Ya ce hawan jinin da take fama da shi ya taɓa zuciya, zuciyar ta gaji. Ya ce a irin wannan zafi aikin zuciya ninkuwa yake yi, tata kuwa ba ta da abin ninkawa. Ta ajiye azumi, ta ajiye taɓarya, ta sha magani. Sannan ya dubi Nasidi ya ce, "Baba, gaskiya zan faɗa maka. Bana Allah ya kiyaye. In kuna da inda za ku kai ta daga Maris zuwa saukar ruwa, ku kai ta. Ban ce lallai ba za ta ga wata bazarar a nan ba, amma ni ba zan gwada da tawa uwar ba."

Suka lallaɓa har damina da dabarun da kowa ya sani. A jiƙa zane a rufa mata, a yayyafa wa ɗaki ruwa, a binne randa cikin yashi. Ɗansu Misbahu, mai tsire a Fatakwal, ya aiko da fanka mai sola, ita kuma ta yi iya yinta, sai dai iskar da ta samu ita take turowa, mai zafi. Da a shekarun baya ne da ba a sha wahala ba. 'Yan'uwan Kubura suna da lambun mangwaro a bakin ruwan Bakolori, inda mata kan wuni a inuwa ƙafafunsu cikin ruwa. Yanzu wa zai kai tsohuwa mara lafiya can ta wuni? Masu lambun ma a tsaye suke ban ruwa, kunne a daji, tun da 'yan bindiga suka mayar da yankin abin da suka mayar da shi. Ko shanun Gidan Goga da Nasidi ya saba saye sun daina zuwa kara.

Da shekara ta zagayo, sanyi ya fara ja da baya, maganar ta taso. Taiba ta kira ta ce ɗaki yana nan a Jos, mijinta ma shi ya fara faɗa. Misbahu ya kira ya ce su taho Fatakwal. Ya ce, "Baba, duba wayarka. Jiya zahin Mahwara talatin da tara, tun ba a shiga Maris ba. Nan talatin da ɗaya. Ko a Afrilu ba mu wuce talatin da uku, ku kuna arba'in da huɗu."

Nasidi ya kai wa Bawa maganar a bakin teburinsa. Bawa ya ajiye gatari ya dube shi.

"Yaya, kai da bakinka kac ce muna can dahwa mutane aka yi. Shekara nawa kana hwaɗi?"

"Lamba ba ta ƙarya, Bawa. Sha ɗaya ta rage."

"Lambar waya ta san zuciyar Kubura? Kai dai hwaɗi gaskiya, Jos na ba ka so."

"Gidan ɗana gidana na," in ji Nasidi. "Gidan suruki hwa? In tai in zauna, shi ka ciyar da ni, in hito da sahe mu haɗu bakin bayi? Ina raye?"

Ga gaskiyar kenan, ta fito. Mutumin da ya fi kowa a Mafara sanin iskar Fatakwal, shi ya toshe kunnensa ya bi lambar waya, don lambar ta faɗi abin da yake son ji. Har da lissafin cewa zai tafi da wuƙaƙensa ya yi kilishi a can, tun da Hausawa sun yi yawa a garin. Kubura kuwa ta ɗaure kayan yajinta a tsumma ta sa a jaka, ta ce duk inda ya ce nan ne.

Kwana biyu suka yi a hanyar Fatakwal. Misbahu da matarsa sun yi ƙoƙari, suka bar musu ɗakinsu suka koma falo. Satin farko Kubura ta ce ai kuwa rana ba ta cizo a nan. A sati na biyu ta daina faɗa. Gumi yana fita amma ba ya bushewa, sai ya zauna a jiki. Zanen da aka jiƙa aka rufa mata, wanda a Mafara yake sanyaya jiki kafin ya bushe, a nan sai ya zama ƙarin nauyi. Ƙuraje suka feso mata a wuya da baya. In ta kwanta numfashi ya ƙi, sai a zaune take gyangyaɗi, an tara mata matasai. Ƙafafunta suka kumbura har silifa ya daina shiga. Ana cikin haka sauro ya ba da nasa, zazzaɓi ya kwantar da ita.

Shi kuma gogan ya gwada sana'a. Ya sayi cinya guda, ya warware ta yadda ya saba, falle-falle, har mahautan wurin suka taru suna kallon hannunsa. Ya shanya a kan kwano. Azahar ta yi, nama yana nan yadda yake. La'asar hadari ya haɗu, aka kwashe a guje. Washegari aka sake shanyawa. A rana ta uku ya ɗaga falle ɗaya ya shinshina, ya ajiye, ya ɗaga na biyu. Ya tattara duka ya kai bola da kansa. Tun da yake bai taɓa zubar da nama ba sai ran nan. Ya dawo ya zauna a dakalin ƙofa, ya ji wata irin gajiya da ko a saman tirela bai taɓa jin irinta ba, ga kunya, don ya san babu wanda ya yaudare shi.

Matar Misbahu ce ta kira Taiba a ɓoye. Ranar da suka cika kwana talatin da huɗu sai ga ta da mota, ita da direba. Ta durƙusa ta gaida uban yadda ya kamata, ta tambayi gajiya, ta tambayi baƙunta, ta shiga ta ga uwar. Da ta fito idonta ya yi ja.

"Baba, ka yi mani izini in tahi da Inna."

Ya ce, "Sanyin garin ga naku hwa? Kin san shi kuwa?"

"Shekara tara ina cikinai, Baba. Sanyin na Disamba da Janairu na. Yanzu iska ɗai ta, mai daɗi. Ko hwanka ba mu kunnawa."

"To," ya ce. Can kuma ya ƙara, "Ku tahi. Allah shi ba da lada."

"Kai hwa?"

"Ni gida za ni. Aiki na jira."

Haka aka rabu a tashar mota, ita ta yi Jos, shi ya yi Mafara. Ya iso ana tsakiyar Afrilu, garin kamar an buɗe bakin tanda, kuma abin haushi sai ya ji jikinsa ya saki, ƙurajen da ya kwaso suka bushe cikin kwana biyu. Ya koma rumfa. Kilishin da ya yi a wannan bazarar ya bushe yadda ake so, sai dai labun na matar Bawa ne, kuma tsofaffin masu saye sun gane. Ba sa ƙorafi, sai dai su tauna su ce, "Yaya mai jiki?"

Kullum bayan Magariba yakan kira. Sati biyu da zuwanta muryarta ta dawo. Ta ce kumburin ya saɓe, ta ce jiya ta kwanta a gado sosai har ta makara. Wata rana ta ce, "Malam, ka san da mayahi nika kwana? Cikin Afrilu!" Ta yi dariya, irin wadda ya kwana biyu bai ji ba. Yana zaune a tsakar gida daga shi sai gajeren wando, bangon ɗaki yana huci a bayansa, ya ce Alhamdu lillahi, kuma har zuciyarsa ya faɗa. Da ya kashe wayar sai gidan ya yi masa faɗi. Shekara goma sha bakwai ta yi tana wannan zaman saboda shi, bai taɓa tambayarta yadda yake ba.

Ta dawo da ruwa ya sauka a watan Yuni, ta yi kyau, har ta ɗan yi haske. Suka yi damina lafiya. Amma zafin kaka, wanda yake zuwa bayan ɗaukewar ruwa, wanda da ba ta ko lura da shi, ya sake kwantar da ita sati biyu. Da Maris ya zo babu wanda ya yi gardama. Mota ta zo daga Jos, ya raka ta bakin titi, ya sa mata ƙunshin kilishi ta kai wa jikoki da mutanen gidan. Ya sake yin bazara shi kaɗai. A wannan karon shi ma ya ji ta a jikinsa. Yakan tashi daga gaban gado ya ga duhu-duhu, sai ya dafa rumfa. Gadaje huɗu suka koma uku, don ƙarfin warware nama ya ragu. Yana ƙirga kwanaki da hadarin da yake haɗuwa ta gabas ya watse.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Lahadi da yamma, mai ƙarfi, har da ƙanƙara. Bai jira Magariba ba, ya kira tun rigarsa tana jiƙe.

"Ke, ruwa ya sauka! Kin ji ƙamshin ƙasa kuwa? Ki ce ma mutanen Jos su shirya mota."

Yana jin muryar jikoki a bayanta.

"Malam," ta ce, "ina son in yi magana, kar ka ɗauka raini na."

"Ina jin ki."

"Likitan nan ya ce tahiya da dawowar ga tana ci mani jiki. Amma ba don shi nika hwaɗi ba. Ni da kaina nika hwaɗi. Tsoro nika ji. In nit tuna watan goma, in tuna Maris, sai gabana shi hwaɗi. Na gaji da kokawa da iska, Malam. Nan ina jan numhwashi ban san ina ja ba." Ta tsaya, sannan ta ce, "In kac ce in dawo, gobe ina hanya. Ban taɓa ƙin maganarka ba, ba kuma yau za ni hwara ba."

Ya san gaskiya ta faɗa. Kalma ɗaya zai yi ta hau mota, ta zo ta zauna a ɗakinta, ta yi masa labu in ta samu ƙarfi, har ranar da wata bazarar za ta ɗauke ta. Ya riga ya taɓa zaɓa mata gari don jin daɗin kansa, ya ga abin da ya biyo baya.

"Zauna," ya ce. "Ki gaida yaran."

Kwana tara suka shuɗe. Damina dama ba lokacin kilishi ba ce sosai, sai ya riƙa zuwa rumfa yana zama kawai. Ranar Talata, kasuwa ta cika, ya naɗe wuƙaƙensa uku a cikin fata, ya taka har teburin Bawa ya ajiye su a gefen sikeli.

"Mi ne ne wanga, Yaya?"

"Ka ba wanda kag ga zai iya. Gadajen ma a kwashe, kar ruwa shi ɓata karan."

Bawa ya dubi wuƙaƙen, ya dubi yayansa. Babu tsokana a wannan karon, ya ce, "Gidan surukin za ka?"

"Can za ni."

"Har yaushe?"

"Ita ta sani, da Mai Sama."

Daga nan ya ratsa kasuwa zuwa layin 'yan gwanjo. Ruwan shekaranjiya ya riga ya bushe, rana ta dawo da ƙarfinta, mutane suna tafe suna fifita da kwali. Ya tsaya gaban wani mai tulin kaya ya ce rigar sanyi yake nema, mai kauri, wadda ta fi kowace kauri. Mai gwanjon ya ɗauka wasa ne.

"Baba Nasidi, rigar sanyi cikin watan shida? A Mahwara? Ko dai zazzaɓi na?"

"Akwai ko babu?"

Mutumin ya ga ba wasa a fuskar, ya shiga ciki ya jawo wani buhu da aka ɗaure tun watan biyu, ya zazzage. Aka samu wata ruwan toka mai dogon wuya, ta sha jiki amma ba ta huje ba. Nasidi ya ce bari ya gwada, don can ba shi da wanda zai mayar wa in ba ta yi ba. Ya cire hula, ya zura ta a kan rigarsa, a nan tsakiyar kasuwa da rana tsaka. Masu wucewa suka tsaya. Wani ya ƙyalƙyale da dariya, wani ya kira abokinsa ya zo ya ga mai kilishi zai gasa kansa. Gumi ya karyo masa tun daga goshi har cikin gemu. Shi dai ya miƙa hannuwansa gaba yana duba tsawon hannun rigar, ya ga ya ɗan gaza, bai rufe wuyan hannu ba.

"Ta yi," ya ce. "In akwai ta mata, gajera mai hwaɗi, ka haɗa mani da ita."